Magna Carta: Yadda Rigimar Sarki da Hakimansa ta Zama Garkuwar Talaka

Ranar 15 ga Yunin 1215, a wata fadama da ake kira Runnymede a bakin Kogin Thames, yamma da Landan, Sarki John na Ingila ya amince da sharuɗɗan da manyan hakimansa suka gindaya masa. Masu zane sun saba nuna shi riƙe da alƙalami, fuska a murtuke, yana rattaba hannu. Ba haka aka yi ba. A wancan zamani hatimin sarki ake dannawa a kan kakin zuma, a rataya shi a ƙasan takarda. Ita kuma takardar fatar tunkiya ce, magatakarda suka cika ta da rubutun Latin, kalmomi kusan 3,500. Daga baya aka raɗa mata suna Magna Carta, wato Babbar Takardar Alkawari.

Mako goma kacal ta yi tana numfashi. Ranar 24 ga Agusta Fafaroma Innocent na III ya soke ta, ya ce abin kunya ce, kuma da ƙarfi aka tilasta wa sarki ita. Kafin shekarar ta ƙare sarki da hakimai sun koma fagen daga. Amma yau in lauya ya miƙe gaban alƙali a Washington ko Delhi ko Abuja ya ce an tsare wanda yake karewa ba bisa ƙa'ida ba, idan ka bi zaren maganarsa zai kai ka wannan fadama. Yadda sulhun da ya rushe cikin mako goma ya kai ga haka, a ganina, ya fi takardar kanta ban mamaki.

Asalin rigimar kuɗi ne. John ya hau gado a 1199, ya gaji Ingila da manyan yankuna a Faransa. A 1204 Sarki Philip na II na Faransa ya ƙwace masa Normandy, shi kuma ya shafe shekara goma yana tatsar mutanensa don ya haɗa rundunar da za ta ƙwato ta. Tsarin lokacin ya ba shi ƙofofin tatsa da yawa, domin ƙasa duka ta sarki ce, hakimi riƙo kawai yake yi bisa sharaɗin kawo mayaƙa duk ranar da aka buga tambari. Wanda bai fita ba sai ya biya abin da suke kira kuɗin garkuwa, kuma sau 11 John ya karɓe shi a mulkinsa. Idan hakimi ya mutu, ɗansa ba ya shiga gado sai ya biya sarki. Fam 100 ake ganin ya dace, amma a 1213 John de Lacy sai da ya yi alkawarin mark 7,000, kowane mark kuwa kashi biyu ne cikin uku na fam. Matan da mazansu suka mutu da marayun hakimai suna hannun sarki, aurensu haja ne a wurinsa. Geoffrey de Mandeville ya ɗauki bashin mark 20,000 don ya auri Isabella ta Gloucester, wadda ba kowa ba ce illa tsohuwar matar shi sarkin.

Kowa ya san ba mai iya biyan irin waɗannan kuɗaɗe, kuma amfaninsu ke nan. Bashin igiya ce a wuyan hakimi, sarki ya sassauta in ya ga dama, ya ja in ransa ya ɓaci. William de Braose na hannun daman John ne, har ranar da aka ja tasa igiyar. Marubutan zamanin sun ruwaito cewa da aka aiko a karɓi 'ya'yansa a matsayin jingina, matarsa Matilda ta ce ba za ta miƙa 'ya'yanta ga mutumin da ya kashe ɗan ɗan'uwansa, Arthur, ba. A 1210 aka kama ta da babban ɗanta, aka kulle su a kurkuku ba ci ba sha har suka mutu. Ba a kai su gaban kowace kotu ba. Shi William a gudun hijira ya rasu a Faransa shekara guda bayan haka. Sauran hakimai sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama da wuta.

Da John ya ci yaƙi, ƙila da an haɗiye duk wannan. Sai ga shi ranar 27 ga Yulin 1214 an ragargaza abokan ƙawancensa a Bouvines, dukiyar shekara goma ta bi ruwa. A Mayun 1215 'yan tawaye suka shiga Landan, dole ta sa sarki zama teburin sulhu, da Babban Limamin Canterbury, Stephen Langton, cikin masu shiga tsakani.

Wanda ya buɗe takardar yana neman manyan kalmomi kan 'yancin ɗan'adam zai sha mamaki. Yawancin sassanta 63 (lambobin ma wani masanin shari'a, William Blackstone, ne ya sa musu a 1759) koke-koke ne na yau da kullum. A cire shingayen kama kifi daga kogunan Thames da Medway. Mudun giya da na hatsi su zama iri ɗaya a duk ƙasa. Kuɗin gadon hakimi ya tsaya a fam 100. Kada a tilasta wa matar da mijinta ya mutu sake aure. Akwai sassa kan bashin Yahudawa, akwai kuma wanda ya ce ba za a kama kowa kan ƙarar mace a batun kisa ba, sai in mijinta aka kashe. A tsakiyar wannan tarkace ne sashe na 39 da na 40 suke zaune, ba a ko ba su wani matsayi na musamman ba. Na 39 ya ce ba za a kama ɗa, ko a ɗaure shi, ko a ƙwace dukiyarsa, ko a kore shi daga ƙasa, ko a halaka shi ta kowace hanya ba, sai da halattaccen hukuncin takwarorinsa ko bisa dokar ƙasa. Na 40 layi ɗaya ne: ba za mu sayar wa kowa da adalci ba, ba za mu hana kowa ba, ba za mu jinkirta wa kowa ba.

Da gangan na ce ɗa, domin abin da Latin ɗin ke nufi ke nan, ɗa kishiyar bawa. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, tunda kalmarmu ta 'yanci ko ɗiyauci daga wannan saiwar ta fito. A Ingila ta 1215 babban kaso na jama'a manoma ne da ke ɗaure da gonar ubangidansu, ba sa barin ƙauye ko aurar da 'ya sai da izininsa, kuma kotun sarki ba ta sauraron ƙararsu a kansa. Sashe na 39 bai san da su ba. Hakiman da suka rubuta shi su ne iyayen gidan waɗannan manoma, fatarsu suke karewa. Sai dai sun ce ɗa, ba su ce hakimi ba, kuma ƙaramin jarumi da ɗan kasuwar birni da manomi mai gonar kansa duk 'ya'ya ne. Wannan 'yar ƙofa ce aka yi ƙarnuka ana faɗaɗawa.

Sashen da ya fi tsone wa John ido shi ne na 61. Ya kafa kwamitin hakimai 25 masu sa ido. Idan sarki ko jami'insa ya saɓa, huɗu daga cikinsu za su kai masa koke, in kwana 40 suka wuce bai gyara ba, suna da damar ƙwace ganuwowinsa da filayensa, in ban da taɓa jikinsa da na matarsa da 'ya'yansa. Wato an halatta tawaye a rubuce. Babu sarkin da zai zauna da wannan, kuma John yana da mafita, domin tun 1213 ya miƙa Ingila ga Fafaroma a matsayin ubangidansa. Saƙo kawai ya aika Roma. Abin lura shi ne hakiman sun gano ainihin matsalar da har yau kowane kundin tsarin mulki ke fama da ita, wato wa zai tilasta wa mai iko bin dokar da ya amince da ita. Amsar da suke da ita takobi ce. Majalisa da kotu mai cin gashin kanta da zaɓe duk amsoshi ne da aka samo daga baya ga wannan tambaya ɗaya.

Mutuwar John ce ta ceci takardar. A Oktoban 1216 atuni ya kashe shi a Newark, ya bar ɗa mai shekara tara, Henry na III, ga Yarima Louis na Faransa a cikin ƙasa bisa gayyatar 'yan tawaye. Mai riƙon ƙwarya, William Marshal, tsohon jarumi da ya kusa shekara 70, ya yi dabarar da ta wuce ta soja. Ya sake fitar da takardar da sunan yaron, ya cire sashe na 61 da kuma na 12 da na 14, waɗanda suka ce ba a ɗora kuɗin garkuwa ko gudummawa ta musamman sai da shawarar manyan ƙasa. Ya zare wa 'yan tawaye hujjarsu. A 1217 aka sake fitar da ita tare da wata ƙarama kan gandun dajin sarki, kuma don a bambanta su ne aka fara kiran ta farkon babba. Ita ƙaramar ce ma ta fi taɓa rayuwar ƙauye, domin ta sassauta dokokin itace da kiwo, ta kuma soke kisa da yanke gaɓa a kan farautar barewar sarki.

Sai 1225, shekarar da na fi ba muhimmanci a kan 1215. Henry ya buƙaci kuɗin yaƙi a Faransa, ya sake tabbatar da takardar da hatiminsa, aka rubuta a cikinta ƙarara cewa mutanen ƙasa sun ba shi kashi ɗaya cikin 15 na dukiyarsu ta hannu a madadin waɗannan haƙƙoƙi. Ba mai iya cewa da tilas aka yi wannan karon, ciniki ne, an biya. Daga nan abin ya zama al'ada: sarki ya zo neman haraji, a ce masa ya fara tabbatar da takarda tukuna. Haka aka yi wa Edward na I a 1297, shekarar da ta shiga kundin dokokin ƙasa. Fiye da sau 30 sarakuna suka sake tabbatar da ita, wanda ke nuna cewa karya ta ake yi ba ƙaƙƙautawa, amma kuma ba a bari an manta da ita ba. Ana karanta ta a bainar jama'a a kotunan larduna da manyan majami'u. Sashen haraji da aka goge daga takarda ya ci gaba da rayuwa a aikace, saboda sarki ba shi da wata hanyar tara kuɗi mai yawa sai ya tara waɗanda za su biya. Taron neman yardar nan ne ya rikiɗe ya zama majalisar dokoki, musamman bayan Simon de Montfort ya gayyato wakilan larduna da na birane a 1265.

A 1354, zamanin Edward na III, majalisa ta sake fasalta sashen kama mutane. Inda aka ce ɗa, sai aka ce kowane mutum, ko mene ne matsayinsa. Inda aka ce dokar ƙasa, sai aka ce sai an bi matakan shari'a yadda suka dace. Wannan jimlar ce daga baya ta haye teku.

Ingila ba ita kaɗai ta ɗaure hannun sarki ba a wancan zamani. A 1188 Alfonso na IX na León, a Sifaniya ta yau, ya kira taro har da wakilan birane ya yi alkawura makamantan waɗannan. A 1222 manyan Hungary suka karɓi tasu takardar daga Andrew na II, har da damar bijire wa sarki. A Poland, wajen 1430, sarki ya yi alkawarin ba zai ɗaure mai sarauta ba sai da hukuncin kotu. Bambancin shi ne a can haƙƙoƙin sun tsaya a hannun masu sarauta, manoma kuwa ƙara ɗaure su aka yi. A Ingila, bayan annobar 1348 ta kashe ɗimbin jama'a, ƙwadago ya yi tsada, ɗaurin manomi da gona ya yi ta kwancewa, har aka wayi gari kusan kowa ɗa ne.

Duk da haka takardar ta yi dogon barci. Sashenta na farko cewa ya yi cocin Ingila zai kasance mai 'yanci, amma wannan bai hana Henry na VIII naɗa kansa shugaban coci ba, bai kuma hana shi sare kan Thomas More, tsohon babban jami'insa da ya ƙi yarda da hakan, a 1535 ba. Wanda ya tashe ta lauya ne, Edward Coke. Shi ma ba waliyyi ba ne: lokacin da yake babban lauyan gwamnati, zagi da cin mutunci ya yi wa Walter Raleigh a shari'ar 1603. Amma da ya zama alƙali, a 1610 ya yanke cewa sarki ba shi da wani iko sai wanda dokar ƙasa ta ba shi, kuma a 1616 James na I ya tsige shi. Bayan shekara goma Charles na I ya ƙaƙaba wa jama'a rancen dole ba da yardar majalisa ba, ya ɗaure fiye da mutum 70 da suka ƙi biya. A 1627 biyar daga cikinsu suka nemi kotu ta ba da umarnin nan da lauyoyi ke kira habeas corpus, wanda ke tilasta wa mai tsare da mutum ya kawo shi gaban alƙali ya faɗi dalili. Dalilin da aka kawo shi ne umarnin sarki na musamman, ba ƙari. Alƙalai suka mayar da su kurkuku. Coke, yana da shekara 76 kuma yana majalisa, ya ja ragamar Takardar Neman Haƙƙi ta 1628: ba haraji sai da majalisa, ba ɗauri sai da dalili.

Masana tarihi sun daɗe da nuna cewa Coke ya karanta wa Magna Carta abin da babu a cikinta. Hakiman 1215 ba su san majalisar dokoki ba, habeas corpus bai zama abin da ya zama ba a lokacinsu, hukuncin takwarori kuma ba shari'ar masu taya alƙali yanke hukunci irin ta yau suke nufi ba. Gaskiya ne. Sai dai kuskuren nasa ya yi aiki, domin ya fi sauƙi ka ce wa sarki ya mayar maka da gadon kakanninka a kan ka ce ya ba ka sabon abu. Charles ya amince da baki ya saɓa a aikace, yaƙin basasa ya biyo baya, aka sare kansa ranar 30 ga Janairun 1649. Dokar habeas corpus ta zo a 1679. A 1689, bayan James na II ya tsere, Dokar Haƙƙoƙi ta haramta wa sarki dakatar da doka ko karɓar haraji ba da majalisa ba, ta kuma hana beli mai tsanani da azaba ta rashin imani. Hukuncin Coke na 1610 har yanzu yana da haƙora: Kotun Ƙolin Birtaniya ta kafa hujja da shi a Satumban 2019 lokacin da ta soke dakatar da zaman majalisa da Firaminista Boris Johnson ya yi.

Turawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka da littattafan Coke suka koyi shari'a. Da Landan ta ɗora musu harajin hatimi a 1765, da harshensa suka mayar da martani, cewa ba su da wakili a majalisar da ta yanka musu harajin. A 1775 Massachusetts ta yi tambari mai hoton mutum da takobi a hannu ɗaya, Magna Carta a ɗayan. Gyara na Biyar na kundin tsarin mulkin Amurka, a 1791, ya ɗauko jimlar 1354 kusan yadda take: ba za a raba mutum da ransa ko 'yancinsa ko dukiyarsa ba sai an bi matakan shari'a. Sabon abin da Amurkawa suka ƙara shi ne ɗora takardar a saman majalisar dokoki ma, abin da Birtaniya ba ta yi ba har yau, inda sassa uku kacal na Magna Carta suka rage a doka kuma majalisa na iya soke su.

Tsohuwar matsalar ɗa da bawa ta biyo su har can. A shari'ar Dred Scott, wani bawa da ya nemi 'yancinsa a kotu, ta 1857, Kotun Ƙolin Amurka ta yi amfani da wannan Gyara na Biyar ɗin wajen kare mai bayi, ta ce bawa dukiya ne, hana mutum shiga wani yanki da shi raba shi ne da dukiyarsa. Sai da aka yi yaƙin basasa, aka yi Gyara na 14 a 1868, kafin a rushe wannan hukunci.

Mu kuma ta hanyar mulkin mallaka abin ya iso mana, da ban dariyarsa. A 1925 gwamnatin Turawa ta kori Eleko, wato sarkin Legas, Eshugbayi, zuwa Oyo. Lauyoyinsa suka nemi habeas corpus, shari'a ta kai har kotun ƙoli ta daular a Landan. A 1931 alƙalin kotun, Lord Atkin, ya ce babu jami'in zartarwa da zai taɓa 'yanci ko dukiyar talakan sarkin Ingila sai in zai iya kare halaccin abin da ya yi a gaban kotu. A shekarar Eshugbayi ya koma Legas. Sarki ne ya fake a bayan garkuwar da aka ƙera don kare kai daga sarki. Gab da samun mulkin kai, kwamitin Willink da ya binciki fargabar ƙananan ƙabilu ya ba da shawara a 1958 a sa babin haƙƙoƙi a tsarin mulki, aka kwaikwayo shi daga yarjejeniyar haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta 1950, ya shiga kundin 1960. Sojoji sun yi masa irin abin da Charles ya yi wa nasa: Doka ta 2 ta 1984 ta ba da damar tsare mutum wata uku ba shari'a, a kuma sabunta, tare da hana kotu tambayar dalili.

Jikan wancan babi shi ne Babi na Huɗu na kundin 1999. Sashe na 36 ya yi maganar sauraron ƙara cikin adalci da kuma lokacin da ya dace. Sashe na 35 ya ma auna abin da awo: in akwai kotu mai hurumi a cikin nisan kilomita 40, kwana ɗaya ke gare ka ka gurfanar da wanda ka kama, in babu, kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace, in ban da wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Mafi yawan waɗanda ke gidajen gyaran hali na Najeriya a yau masu jiran shari'a ne, ba a yanke musu hukunci ba. Abubuwa uku John ya yi alkawarin bari a sashe na 40, sayarwa da hanawa da jinkirtawa, kuma na ukun ne ke riƙe da su.